Garin da Ake Ɗaure Beyar

Kaka uwargidana. Ina fata kina lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, ban yi miki kishiya ba tukuna.

Kin ce in faɗa miki inda Allah ya jefa mijinki. Sunan garin Cocil, a jihar Manitoba ta Kanada, a bakin tekun Hudson. Ba hanyar mota. Daga Winifeg sai jirgin sama, ko jirgin ƙasa na kusan kwana biyu. Mutanen garin ba su kai 1,000 ba, kuma maƙwabtanmu fararen beyar ne. Ki ɗauki kurar gardawa, ki wanke ta fes, ki hura ta har ta wuce bijimin layya, to kin kusa. Namijin kan haura kilo 500.

Daga Oktoba zuwa Nuwamba suke taruwa a gaɓa, suna jiran teku ya daskare su hau ƙanƙara farauta. Watanni ke nan rabonsu da abin kirki, ga garinmu a kan hanyarsu, ga ƙamshin girki. Ni kuma aikina a kicin ne, kullum ina tashi da warin kifi. Kin ga tsire ke nan mai ƙafa biyu.

Shekaranjiya da asuba na fito zan tafi aiki, sai ga sawu a kan dusar ƙanƙara, faɗinsa kamar faifanki. Ban gama "Innalillahi" ba na ji ƙarar harsashin tsoratarwa da jami'an daji ke harbawa. Kaka, ban san ina da gudu ba sai ranar. Motar wani bawan Allah na faɗa, na ja ƙofa. A nan mutane ba sa kulle mota, saboda irin wannan rana. Da mai ita ya zo ya tarar da ni kwance a ƙasan kujera, ko tambaya bai yi ba, shayi ya miƙo mini.

Beyar da ya ƙi jin kora, sai a harbe shi da allurar barci a kai shi kurkuku. Wallahi da gaske nake: tsohon ginin soja ne mai ɗaki 28. Zai iya yin kwana 30, ba a ba shi komai sai ruwa, sannan a saka shi a raga, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi nesa.

Nan ne na tuna ki. Ke da ko almajiri ba ya fita daga gidanki da kwano wayam, kullum kina cewa baƙonka Annabinka. To a nan, beyar da ya ɗanɗani abincin mutane sau ɗaya ba ya mantawa da ƙofar gidan, zai yi ta dawowa har a kai ga bindige shi. Shi ya sa shara ma a kulle ake ajiye ta, rowar nan ita ce tausayin. Da ke aka ba riƙon kurkukun, da tuwo da miyar kuka za ki kai musu, kafin sati mu duka an cinye mu.

Daddawar da kika ce za ki aiko, don Allah ki dakata sai teku ya daskare. Ki gaida Inna da yara, ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Naki, maigidanki mai gudu.