Aljanin Lasifika

Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa yarda da labari ba sai ya ji shi a Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957. Ni kuwa a fagen zaɓi sonka na yi ƙuruciyata: in sayi kati, in jero abokai daga Funtuwa har Maraɗi, in tare gindin akwati ina jiran a ambaci sunana. Don haka da maƙwabcina mai gyaran talabijin ya ce zai kai ni "kulob ɗin 'yan rediyo", ban tsaya tambaya ba. Na ɗauka ƙungiyar masu sauraro ce irin tamu, inda ake shan lemo, a yi gulmar masu karanta labarai, a zaɓi shugaba, wata mai zuwa a tsige shi. Na zura babbar riga, na karya hula.

Garejin wani dattijo muka shiga, a nan Kaduna, tsohon injiniyan gidan waya da kowa ke ce wa Baba. Babu lemo. Akwai dai warin dalma, da tarkacen wayoyi, da taswirar duniya da aka soke da allurai, da mutum shida sun zuba wa wata na'ura ido tana ta shuuu. Su ba sauraro suke yi ba, magana suke yi. Kowannensu ya zauna jarrabawa, gwamnati ta ba shi lasisi da lambar kira tasa ta kansa, wadda babu mai irinta a faɗin duniya. Ta ɗan Najeriya da 5N take farawa, ta ɗan Nijar da 5U, Gana 9G, Kamaru TJ. Da jin lamba sun san ƙasar mutum kafin ya ce uffan.

"Ɗana," in ji Baba, "wannan harka ba ta yara ba ce. Marigayi Sarki Husaini na Jodan namu ne, JY1 lambarsa. In ya hau iska babu fadawa, babu ranka ya daɗe."

Na ce, "To Baba, me kuke tattaunawa da mutanen duniya?"

Ya lissafa mini abin da ba a yi: ba siyasa, ba talla, ba kiɗa. Na ce to me ya rage? Ya ce ƙarfin sigina, da irin eriya, da yanayin gari. Wato mutum ya zuba kuɗin sa guda a na'ura, ya hau bishiya da tsufansa, ya hana kansa barci, duk don ya tambayi wani baƙo a Japan ko yana jin sa. In ya ce yana ji, shi ke nan, buƙata ta biya, sai a yi musayar kati ta gidan waya, QSL suke ce masa, a manna a bango. Wanda ya tara katin ƙasa 100 yana iya neman takardar yabo daga Amurka. Ban ga laifinsu ba fa. Mu ma da muke sayen kati don a gai da mutumin da muke kwana layi ɗaya da shi, ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Abin da ya riƙe ni a kulob ɗin mutanensa ne. Duk Asabar ake haɗuwa. Ma'ajiyarsu wata Malama ce mai koyar da fizis a makarantar 'yan mata, ba ta yafe kuɗin wata ko da mutum ya zo da labarin rasuwa. Akwai ɗalibin kwalejin fasaha da ke ganin duk na'urar da ta girme shi gidan tarihi ya kamata a kai ta. Sai wani tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya yi aikin buga tangaraho a tashoshin jirgin ƙasa. Shi ba ya taɓa makirufo, ya ce magana da baki aikin malalata ne. Da cokali yake ƙwanƙwasa kofin shayi cikin harshen Mos, gajere da dogo, sai ka ga Baba ya tuntsire da dariya, kai kuwa kana zaune ba ka san da hularka ake ba. In na'urar wani ta lalace, su taru a kanta har magariba suna musu. In wani ya kwanta ciwo, su je dubiya su ci gaba da musun a bakin gadonsa.

Babban aikinsu na shekara shi ne taron 'yan sikawut ta iska, wanda ake yi a duniya baki ɗaya tun 1958, a ƙarshen mako na uku na Oktoba. Masu lasisi ke kafa tasha, su sa yara a gaban makirufo su gaisa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. A wannan shekarar filin wata firamare aka ba mu, jikin masallacin unguwa. Da yake ba ni da lasisi, ba ni da ilmin lantarki, amma ina da sauran ƙarfi, sai aka ɗora mini ɗaga eriya.

Eriyar ba wani abin kallo ba ce. Waya ce mai tsawon mita 10, biyar dama biyar hagu, an yanka ta daidai da zangon mita 20, wato megahaz 14. Baba ya ce da wannan da wat 100, abin da bai fi ƙarfin tsohon ƙwan lantarki ba, murya za ta tashi ta bugi wani rufin iska mai caji da ke sama da kilomita 200 a samaniya, ta lanƙwaso ta sauka Turai. Ya soma bayanin yadda rana ke hura wa rufin nan ƙarfi, da yadda abin ke hawa da sauka duk shekara 11, sai Malama ta tuna masa yara na jira. Umarnin da ya ba ni a taƙaice shi ne: "Ɗaure kowane ɓangare a wuri mafi tsayi da ka samu."

Ɓangare ɗaya na ɗaure a darbejiya. Ɗayan kuwa, na duba gabas na duba yamma, babu abin da ya kai dogon ƙarfen da ke ɗauke da lasifikar masallaci tsayi. Na jingina tsani, na hau, na ɗaure igiyar tamau, bakin eriya bai fi kamu ɗaya da wayar lasifika ba. Har gobe ina nan a kan bakana: umarni na bi. Ba a ce mini ban da masallaci ba.

Da safe komai ya tafi daidai, in ban da janareta da ya cika na'ura da ƙara har aka kashe shi aka koma batirin mota. Yara suka yi magana da 'yan sikawut na Jamus, wata yarinya ta tambayi wani yaro ko da gaske ne ƙanƙara na zuba a ƙofar gidansu. Bayan nan Baba ya yi kiran gama-gari, CQ, ya faɗi lambarsa. Ashe lambar 5N ba kullum ake jin ta a iska ba. Nan take Turawa suka yo caa, kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa na ihun lambarsa a kan ta ɗan'uwansa. Baba ya riƙa tsinto su ɗaya ɗaya: ya faɗi lambar mutum, ya ce "faif-nain", wancan ya ce "faif-nain, sebinti-tiri", an gama, na gaba. Biyar ɗin na nufin ana jin maganarka sarai, taran kuwa siginarka ta kai maƙura, 73 ita ce sallama. Ko mutum da ƙyar ake jin numfashinsa, faif-nain ake ba shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya kira ka tun daga bangon duniya, ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ka ko tambayi iyalinsa ba? Na ce a zuciyata, in Allah ya ba ni makirufon nan, sai na nuna wa Turai cewa muna da tarbiyya.

Azahar ta yi, aka rufe tasha aka shiga masallaci. Ana sallamewa na shafa addu'a a gurguje na fito, na bar Baba yana jan carbi. Yara na cin shinkafa, Malama ce kaɗai a gaban na'ura, wani mutumin Italiya na ta nacin kira. Na marairaice. Ta dube ni ta saman tabarau, ta faɗi lambarta ta amsa masa, ta ce ga baƙo zai gaishe shi, sannan ta miƙo mini.

"Malam, ka danna nan, ka ce sannu, ka ce faif-nain, ka saki. Ka ji ko? Ka saki."

Ga wani sirri da ban sani ba sai ranar: muddin yatsanka na kan maɓallin nan, ba ka jin kowa, babu kuma mai iya katse ka. A duk rayuwata ban taɓa samun irin wannan dama ba, ko a gidana. Na yi gyaran murya sau biyu yadda na saba, na soma da ɗan Turancin da nake da shi. Na tambaye shi kwanan iyali. Na tambaye shi sanyi, da aiki, da gajiya, da ko damina ta yi kyau a wajensu. Da Turanci ya ƙare, Hausa ta karɓa, tsohuwar cuta ta motsa: na miƙa gaisuwa ga mai shayin bakin tasha, da 'yan majalisarmu ta gindin mangwaro, da ƙanin matata da ke Maraɗi, da duk wanda ya san ni na san shi. Malama na ta yi mini alama da hannu, na ɗauka cewa take in ƙara.

Abin da ke faruwa a bayana, daga baya aka ba ni labari. Ladan ya manta bai kashe amfilifaya ba bayan salla. Doguwar wayar lasifika ta zama eriyar kama sigina, ta kwashi muryata ta ɗura wa amfilifaya, ita kuma ta watsa wa unguwa. Da ma a ce maganar ta fita sarai, da sauƙi. Irin siginar da 'yan kulob ke aikawa an cire mata wani sashe don tsimin wuta, sai na'urar da aka yi domin ta ce ke iya mayar da ita magana. A lasifika ƙugi ne kawai ke fita, mai hawa da sauka, da tsayawa da ci gaba, kana jin lallai wani abu ne ke zance amma ba da harshen bil Adama ba.

Ladan ya fito ba takalmi. Mata suka leƙo ta katanga suna salati, almajirai suka watsar da robobi, wani saurayi ya tsaya gindin ƙarfen ya ɗaga murya yana tofi. Baba kaɗai ya gane abin da ake ciki tun ƙugin farko, ya yunƙuro da gudu irin na ɗan shekara saba'in, amma jama'a sun toshe ƙofa, masu fita da masu shiga kallo. Ni kuwa ina can na kai kan gaisuwar surukai.

Hannu na ji a kafaɗata, ba na Malama ba. 'Yan sintirin unguwa ne, sun bi waya daga ƙarfe har teburinmu, sun tarar da mutum cikin babbar riga, abin ji a kunne, yana jero sunayen mutanen unguwa ga wani Bature. A wannan zamani ba sai an yi wa kowa bayanin yadda abin ya yi kama ba. Na saki maɓalli. Lasifika ta yi tsit. Na'ura ta yi shuuu, sai ga muryar mutumin Italiya, a gajiye: "Faif-nain. Sebinti-tiri." Bai ƙara ko harafi ba. Karambanin akuya, gai da kura.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli, wadda ta san ni tun ina yawo ba wando, ita ta fara yanke hukunci. Ta ce, "Ni dai tun da na ji aljanin ya yi gyaran murya sau biyu na ce wannan ɗan gidan Hajiya ne."

Liman ya iso, mai unguwa na biye. Baba ya zaro lasisinsa daga cikin leda, da ma ba ya rabuwa da shi, Malama ta fito da nata da takardar izinin makaranta. Liman bai ko dubi takardun ba. Ya ce da ni, "Danna, ka yi magana." Na danna na ce, "Allah ya gafarta Malam." Lasifika ta yi ƙugi. "Saki." Ta yi shiru. Ya sa na maimaita, sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To, ku koma gida. Aljanin nan yana jin magana."

Kafin la'asar an sauke eriya an mayar da ita kan tankin ruwa. Maƙwabcina ya buɗe amfilifayar masallaci, ya naɗa wayar lasifika a wasu baƙaƙen zobba na ferait masu tare sigina, ya tarar da haɗi biyu da suka yi tsatsa ya sake musu dalma. Malama ta buɗe jaka, abin da ba a taɓa gani ba, ta ba da kuɗin sabuwar waya daga asusun kulob, ta rubuta rabi a kaina. Ladan ya gwada, ya ce rabon da muryarsa ta fita haka tun ana sabon gini. Saurayin nan mai tofi kuwa har yau yana gaya wa mutane shi ya kore su, kuma na ji an fara kai masa marasa lafiya.

A taron Asabar aka yanke cewa ba ni ba makirufo sai na ci jarrabawa. Aka ba ni littafin rajista, in riƙa rubuta lamba da lokaci a agogon GMT, abin da kowane mai sauraron gajeren zango ya iya tun yana goye. Aka kuma haɗa ni da tsohon reluwe ya koya mini Mos, a cewarsa duk mai doguwar gaisuwa in ya buga ta da yatsa sau ɗaya zai shiryu.

Muna cikin haka sai ga mai unguwa da kansa, ya ja Baba gefe, amma duk muna ji. Yana da ɗa a Jidda, ya ce, kuma katin waya ya yi tsada, ko za a ɗan danna masa abin nan su gaisa?

"Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba," in ji Baba, "sai in shi ma yana da lasisi da na'ura a can."

Mai unguwa ya dubi taswira, ya dubi katunan bango, ya dubi tarkacen wayoyi. "To Injiniya, wannan rediyon naku, amfanin me yake yi?"

Baba ya gyara zama, ya jawo takarda, ya zana duniya, ya zana rana. Malama ta tuna tana da makin jarrabawa, ɗalibi ya ce ana kiransa a waya, maƙwabcina ya zame ta ƙofar baya. Ni da ke riƙe da rajista ba ni da hanyar fita, ni da mai unguwa muka sha shekara 11 ɗin nan tun daga farko har kiran magariba.