Ɗan kwabon Holan da kuka raina

Na san ku sarai, 'yan "to sai me?" Daga jin za a yi zancen kwabon jan ƙarfe na Holan har kun fara taɓe baki. Wai kuɗin da sai an tara 160 kafin su cika gilda ɗaya, shi za a ɓata wa tawada? To ku gyara zama, malamai, ku da kuke tsare mai shago sai ya nemo muku canji.

Sunansa duit. A Holan ta wancan zamani takwas ke yin stuiver ɗaya, stuiver 20 kuma gilda. Kamfanin VOC na Holan, wanda aka kafa a 1602 don fataucin kayan yaji, ya je Asiya da azurfarsa ta manyan attajirai. Amma sojan kamfani a Batavia, Jakarta ta yau, da me zai sayi kifin kalaci? Babu canji, babu kasuwa. Dole aka ɗebo ɗan kwabon nan aka tsallaka teku da shi.

Ga inda za ku farka. A Java, inda Batavia take, huɗu kacal ke yin stuiver a lokacin. Wato matuƙin jirgi ya cika aljihu a Amsterdam, ya sauka a Batavia, kuɗinsa sun ninka. Kada wanda ya rantse mini cewa da shi ne ba zai cika akwati ba, na san halinku. Don toshe wannan ɓaraka, daga 1726 kamfanin ya sa ana buga masa nasa na musamman: gefe guda tambarin VOC da shekara, ɗaya gefen alamar lardin da ya buga, ko Holan, ko Zeeland, ko Utrecht, ko Gelderland, ko Frisland ta Yamma. Kwabo mai tambarin kamfani kaɗai aka yarda a yi ciniki da shi a can.

Bashi da almundahana suka durƙusar da VOC a 1799, amma kwabonsa ya ci gaba da yawo a kasuwannin Java har cikin ƙarni na 19.

Na ga idon wasunku ya fara ƙyalli, ana lissafin nawa guda zai kai yanzu. Ku kwantar da hankalinku. Miliyoyi aka buga, galibinsu kuma araha masu tara tsofaffin kuɗi ke sayensu. Wanda ya tsinci ɗaya ya riƙe abinsa, amma kada ya ajiye aikin gwamnati tukuna.