Kofi Uku Ba Shi Ne Treble Ba, Yallaɓai

Na san ku, masu gardamar gidan kallo. Wai kalmar treble 'yan Manchester United ne suka ƙago ta don su riƙa cika mana baki. Wasu ma sun rantse tuntuɓen harshe ne, triple ake nufi. To, ku gyara zama.

Kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya, daga triplus ta Latin suka fito, kuma treble ta shiga Ingilishi ta tsohon Faransanci ɗaruruwan shekaru kafin a haifi kakan Ferguson, tsohon kocin United. Ma'anarsu ninki uku. In mudun shinkafa ya tashi daga dubu ɗaya ya koma dubu uku, Baturen Landan zai ce ya yi treble, na Amurka ya fi sabawa da triple, maigida kuwa salati kawai zai yi. Wanda bai yarda ba ya je ya kakkaɓe ƙurar tsohuwar rediyon Baba mai kaset: ga abin murɗa bass, ga na treble a gefensa, mai fito da siririyar murya. Shi ma Ferguson ne ya maƙala shi?

Amma na san ba rediyo ce ta dame ku ba. A ƙwallon Turai, treble ta gaske ita ce kofin lig, da babban kofin ƙasa, da kofin zakarun Turai, duk a kaka guda. Celtic ta Sikotilan ce ta fara, a 1967. United ta yi tata a 1999, daren da Bayern Munich ke gaba da ci ɗaya a Camp Nou har minti 90 suka cika, sai Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙara. Manchester City ta bi sahu a 2023.

Ga ɗan Liverpool can ya ɗaga hannu, wai su ma sun ci uku a 2001. Mun gani, Alhaji: kofin FA, ƙaramin kofin lig, da kofin UEFA. Allah ya sa albarka, amma ina lig ɗin? Ku kuma 'yan United, ku rage dariya. A 2017 Mourinho ya sa yaranku ɗaga yatsu uku bayan cin Europa, alhali har da farantin Community Shield a lissafin. Faranti fa!

Sai manyan baƙi, 'yan Real Madrid, da suka yi tsit tun ɗazu. Kofin zakarun Turai 15 kuka tara, ba mai ja da ku a nan. Amma treble ko ɗaya babu, Barcelona kuwa ta yi biyu, 2009 da 2015. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga yawancin masu cewa kalmar ƙarya ce farar riga ce a jikinsu.