Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Injin Fijo 504

Zuwa ga Dattijo Injin Fijo 504,
Ƙarƙashin Bonet,
Tashar Kwanar Dangora.

 Ranka ya daɗe, ina fata ka tashi lafiya. Idan kuwa yau ma sai da aka tura ka, to Allah ya saka wa 'yan turi da alheri.

Baba, ni ba direba ba ne, ba kuma bakanike ba. Ɗan kasuwar hatsi ne ni, cikin masu bin ka daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada har Doguwa ranakun kasuwa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kirarin da ake yi maka a tasha ya fara yawa. Kowane ɗan kamasho ya buɗe baki sai ya ce Fijo ba ta mutuwa. To ni dai na ga mutuwarka a Yaryasa, na gan ta a ƙofar kasuwar Tudun Wada, na kuma gan ta a hawan Riruwai. Kana mutuwa, ranka ya daɗe, har ma ka fi na bayanka yawan mutuwa. Abin da ya bambanta ka da su shi ne taka mutuwar sifana da sukundireba ke tashin ta.

Sai da na binciki asalinka, don ba a yi wa dattijo magana ba a san gidansu ba. A 1968 Faransawa suka fito da motar da kake ciki, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A lokacin yayanka ne a cikinta, mai cc 1,796. Kai sai 1970 ka iso da cc 1,971, aka raɗa maka suna XN1, sunan da daga Bebeji har Doguwa ba wanda ya taɓa kiran ka da shi. A 1975, shekara guda bayan kammala madatsar ruwan Tiga, kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Zamanin mulkin soja na Obasanjo kai ke ɗaukar manyan gwamnati, ana sara maka a ƙofar sakatariya. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, Kaduna kuwa ta riƙe ka sai wajen 2006. Ka ga ke nan ka fi daɗewa a hannunmu fiye da gidan ubanka, saboda haka muna da hurumin faɗa maka gaskiya.

A takarda ba ka da makusa. Silinda huɗu a jere, an kishingiɗar da kai gefe guda don bonet ya rufu. Gangar jikinka ƙarfen zubi, kanka alminiyam, bawul takwas. Faɗin silinda milimita 88, zirga-zirgar fistin 81. Sarƙa ce ke juya maka kamshaf, ba bel ɗin roba da zai tsinke ba sallama ya haɗa fistin da bawul faɗa ba. An ce ƙarfinka na dawaki casa'in da 'yan kai ne. Wannan ranar da ka baro Kakuri ke nan. Yau idan aka ɗora maka buhunan masarar Doguwa a but da saman rufi, ga mutum goma a ciki ban da goyo, dawakin da ke amsa kira ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su ma a giya ɗaya suke hawa tudu.

Amma bari in faɗi alherinka. Wata rana mun wuce Tudun Wada kaɗan sai ka yi tari, ka yi shaƙuwa, ka yi shiru. Direba ko salati bai yi ba. Ya sauka ya tokare bonet da sanda, ya ɓalle murfin distributa, ya leƙa kwantak. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu ya goge bakin kwantak ɗin da gefen da ake ƙyastawa, sannan ya yagi kwalin ya zura tsakani ya daidaita rata. Littafinka ya ce milimita 0.40, shi kuwa bai taɓa ganin littafin ba, amma yatsunsa sun san wurin. Ya koma kan kafireta, ya kwance jet, ya sa a baki ya busa, ya ɗaga sama ya hango rana ta cikin ramin. Ya zuƙi fetur ta tiyo ya tofar, ya tsiyaya cikin murfin jarka guda a maƙogwaronka, ya ce, "Bayin Allah, a taimaka." Muka sauka har da wani liman da ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Giya biyu, aka saki kuloci, ka yi atishawa ta salansa ka kama. Gyaɗar da wata tsohuwa ta fara ɓarewa ba ta ƙare ba muka ci gaba da tafiya.

Golf da Sharon da suka ƙwace maka layi ba su cika tsayawa ba, wannan gaskiya ce ko da za ta yi maka ɗaci. Amma ranar da injekta ko ƙwaƙwalwar mota ta yi fushi a wannan hanya, kwalin ashana ba ya maganin ta. Sai an nemo mai na'ura ya jona, ko a ja ta zuwa Kano. Kai kuwa abu uku kake nema, mai da iska da wuta, kuma duk ukun ana iya bin sawunsu da ido. Don haka rabin sunan da ka yi naka ne, rabi na mutanen da hannunsu ya yi baƙi a cikinka ne, amma ban taɓa jin an yi musu kirari a tasha ba.

Kirarin ma shi ke kashe ka. Tunda an ce ba ka mutuwa, sai kowa ya shiga gwadawa. Abu na farko da ake yi maka shi ne a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Sai ka yi ta tafiya da sanyin jiki da asubar hunturu, fetur bai ƙone sosai ba, yana wanke man da ke jikin silinda, ringi na ci. Lagireto kuwa kowane ruwa nasa ne: na rijiya, na kududdufi, na rafin da aka tsallaka. Tsatsa ta toshe hanyoyi, allura ta hau ja, direba ya tsaya ya kwara maka ruwan sanyi kana tafasa. Kan alminiyam ba ya yafe wannan. Ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, gobe a zaro sandar awon mai a tarar baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

A nan ne ake gane bakanike da mai riƙe da sifana kawai. Silindarka ba a jikin ganga aka huda su ba, silib ne ake zurawa, ruwa na kewaye da su. Gata ne babba, domin idan sun cinye sai a zare a sa sababbi da fistin da ringi, tsoho ya koma ango ba a je wurin masu boriyo ba. Amma duk wanda ya ɗaga kanka bai danne silib ɗin nan ba, ya kuma juya karanshaf, to ya motsa su daga mazauninsu, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai. Sai a ɗaure inji, a karɓi kuɗi, bayan kwana biyu a ce ai Fijo ta tsufa.

Baƙin mai fa? Kusan lita huɗu ne cikinka, kuma mai hankali ba ya wuce kilomita 5,000 bai juye ba, balle a ƙurar hanyoyin ƙauyukan Kiru. Amma yawancin masu kai ba sa juyewa, ƙari suke yi, da man da ake sayarwa a robar ruwa bakin titi, wanda wani injin ya riga ya gama da shi. Matatar iska idan ta toshe sai a cire ta gaba ɗaya don ka sha iska, ka shaƙi ƙurar bazara tsagwaronta tana goge maka ciki. Bawul ɗinka an ce a saita su kana sanyi, na shiga 0.10, na fita 0.25. Ana saita su da kunne, kana zafi, fasinja na jira. Duk da haka ka kai mu ka dawo da mu. Haƙurinka ya yi yawa, Baba, shi ya sa aka raina ka.

To yanzu ga nawa ƙorafin, kuma ba zan ɓoye ba: kana sha. Ko kana cikin ƙoshin lafiya, lita goma ba ta cika kai ka kilomita ɗari da lodi ba, balle kafiretar da allurarta ta cinye tana ambaliya. Da can ba mai damuwa. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, kai kuwa ko a jikinka. Ba ka rage ko kurɓi ɗaya ba. Direba ya ƙara kuɗin mota, ya ƙara mutum a gaba, ya kashe ka a gangara ya sake ka firi muna ta addu'a. Warin fetur kuwa sai ya bi mutum har gida, uwargida ta tambaya ko an koma bumburutu ne. Na yarda ba ka da zaɓen abinci, ka haɗiye na gidan mai, ka haɗiye na galan, amma rashin zaɓe ba hujjar zari ba ce.

Akwai kuma abin da ba laifinka ba ne, amma kai zai ci. Kayanka na asali sun yi wuya. A je Kofar Ruwa a sayo kwantak da kwandansa a kwali mai hoton zaki, a ɗaura, kafin wata ya mutu sun riga shi. Abin da ke rufa asiri shi ne 'yan uwanka na cikin 505 da J5, waɗanda ake yanka ana raba maka kayansu. Dattawan da ke sauraron ƙararka daga nesa su ce silinda ta uku ba ta ɗauka, gemunsu ya yi fari, yaransu kuma sun koma gyaran babur da A Daidaita Sahu, inda kuɗin yake. 'Yan gwangwan na ta zagaya gareji da sikeli, su kuwa ba ruwansu da tseren Safari, kilo nawa ne kawai tambayarsu.

Saboda haka ga roƙona. Zan yi wa direbanmu magana ya mayar maka da tamostat, ya saya maka matatar iska, ya juye mai kafin kakar bana, ko da za a ƙara mana ɗari biyu a kan kowane buhu. Kai kuma ka rage sha, ka daina zubar da mai a ƙofar masallacin tasha. Idan kuma tsayuwar ta zama dole, ka yi ta a Tudun Wada kusa da mai shayi, ko ka daure ka kai Dadin Kowa. Tsakiyar dajin Falgore bayan la'asar sakaliya ba wurin goge kwantak ba ne, kuma liman ya ce ba zai sake sauka turi a can ba.

Ka gaida giyabos da kuloci, ka yi wa batir sannu da jiki. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Tudun Wadar Dankadai.