Yadda Na Kusa Zama Boka a Ochanja

Shekara 11 ke nan ina gyaran agogo a Anacha, a ɗan teburina mai gilashi da ke raɓe da shagon wani mai takalma a Kasuwar Ochanja. Ban tara dukiya ba, amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi: hannuna ba ya rawa. Sukurun da bai kai ƙwayar gero ba sai in ɗauke shi da hantsaki, masu baro na bangazar teburin, mai lasifika na tallar maganin basir a kaina, in ɗaura shi daram. Taƙamar nan ce ta ja mini.

Wata Asabar a farkon Disamba, ɗan Oga mai shagon, wanda ya dawo daga karatu a Ingila, ya tsaya yana kallona ina mayar wa wani agogo allurarsa. Da na gama sai ya ajiye ɗan kwali a gabana. A ciki akwai mutum-mutumi guda shida na roba, masu ruwan toka, babbansu bai wuce kwalin ashana a tsaye ba. Kowanne sanye da sulke tun daga ka har ƙafa, kamar 'yan sulken Hawan Daushe da aka wanke suka tsuke.

Ya ce sojoji ne na wani wasa mai suna BattleTech, wanda aka fito da shi a Amurka a 1984. A labarin wasan, nan da shekara dubu za a riƙa yaƙi da ƙattin na'urori masu tafiya da ƙafa biyu, daga mai tan 20 zuwa mai tan 100, direba na zaune a cikin kan kowace. Ana jera su a kan taswira mai gidaje irin na saƙar zuma, a jefa ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo ta ludo guda biyu, ita za ta faɗi ko harbi ya samu. Na ce a raina, dara ce dai ta waɗanda suka ƙoshi. Rundunarsa, in ji shi, sunanta ComStar, shida-shida suke fita, kuma fari fat suke sawa. Abokansa na Inugu da Fatakwal za su zo gida Kirsimeti, yana son ya fito da su tsaf.

“Amma Malam,” ya ce da ni da Buroka, “fari ya fi kowane launi wuya. Da toka-toka ake farawa.”

Na yi dariya har na dafe tebur. Ni da na tashi a Zariya ina shafe ɗakin tsohuwarmu da farar ƙasa duk jajibirin sallah, yau yaron da ya girma a gabana zai koya mini fari? Wa ya taɓa neman fari ta hanyar toka in ba mai wanke tukunya ba? Ya ba ni 'yan kwalabe biyu da buroshi mai tsinin gashin ido. Na karɓa, na jefa ta toka-tokar a aljihun tebur, na ce ya dawo ranar Talata.

Daren nan na buɗe farar kwalbar. Na shafa, roba na leƙowa ta ƙasa. Na ƙara, tana nan. Na laɓta da kauri. Kafin in gama na biyu kwalba ta ƙare, kuma duk layukan sulken, da ƙusoshi, da bakin bindiga, sun nutse. Abin da ke gabana ya fi kama da curin fura da aka mirgina a gari. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, wannan na ci ne ko na sayarwa?”

Wanda ke zaune a layin takalma ba ya rasa fari. Washegari na sayi farin nan da 'yan makaranta ke shafa wa kambas. Ya hau lafiya, ya bushe da wuri, har na fara tsara yadda zan yi wa yaron gori. Ina ɗagawa da yatsa biyu sai ya zube kamar amosani. Daga nan na nufi wajen masu fenti, na sayo ƙaramin gwangwanin fentin mai, irin na ƙofa da taga. Mai shagon ya rantse mini cewa ko jirgin ruwa na shafa wa zai kama.

Ya kama kuwa. Bushewa ce ya ƙi. Ashe irin wannan roba ba ta shiri da fentin mai, sai ya yi ta danƙo kamar alewar da ta kwana a aljihu. Ga shi lokacin hunturu, kuma a Anacha. Wanda bai san garin nan ba, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin birane, Anacha ce ta zo ta ɗaya a yawan ƙura a iska, kusan ninki 30 na abin da hukumar ta ce ya kamata. Mu da ke shaƙa ba mu buƙaci takarda ba. Duk tirelar da ta taso daga Upper Iweka, duk hayaƙin janareta, duk sharar da aka cinna wa wuta, sai da kowanne ya aiko da gudummawarsa. Ran Talata sojojina sun koma launin kunun tsamiya, ɗaya har da sauro manne a kafaɗa kamar igiyar kofur. Da na hango ɗan Oga tafe, na rufe su da hula na ce aiki na tafiya, ya ƙara mini mako.

Sai wankewa. Wani mai gyaran jikin mota ya tsiyaya mini tina a robar ruwa. Na zaɓi babban cikinsu, mai tan 100 da ake kira Atlas, wanda fuskarsa ƙoƙon kan mutum ce, na tsoma shi a murfin kwalba na tafi la'asar. Da na dawo fenti ya fita tas. Hanci ma ya fita. Ido ɗaya ya gangaro kumatu, hannun dama ya lanƙwashe ya dafe ciki kamar mai fama da gyambon ciki. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na tuna makarantar allo, yadda muke haɗa tawada da ƙaro don ta kama. Na ce me zai hana in yi farar tawada? A bakin kasuwa mata na sayar da wani farin alli da Ibo ke kira nzu. Na saya, na daka, na kwaɓa da ƙaro. Abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba shi ne matsayin allin nan a wurin mutanen gari. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake jan layi a ƙasa wajen addu'ar gargajiya, kuma dibiya, wato bokansu, shi yake zagaye idonsa da shi.

To ku dubi yadda aka same ni ranar Alhamis da hantsi. Ga gumaka shida farare a jere a kan gilashi, ɗaya fuska a narke. Ga garin nzu ya baje ko'ina. Ga ni a duƙe ina motsa baki, don in aiki ya cakuɗe mini istigfari nake yi. Madubin nan na masu agogo da nake maƙalawa a ido kuwa na yi ta sawa ina cirewa da hannu duk alli, har ya zana mini farin zobe a idon hagu ban sani ba.

Na ɗago kai sai na ga layin ya yi tsit. Mai lasifika ma ya kashe. Wata mata mai sayar da silifas ta matso a hankali, ta ajiye naira 500 da goro ɗaya a gaban Atlas, ta rage murya ta ce, “Biko Malam, kasuwa ta tsaya mini tun Satumba.” Na ce, “Madam, wasan yara ne.” Ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane ba a faɗin sirri a bainar jama'a, ta ƙara 200. Sai da na bi ta har rumfarta na mayar mata.

Labari a kasuwa ba ya biyan kuɗin mota. Washegari bayan an idar da Juma'a a masallacin Bida Road, wani dattijonmu mai sayar da albasa, wanda shi ya karɓe ni ranar da na fara sauka a garin nan, ya riƙe mini hannun riga ya ja ni gefe.

“Ɗana, duk mun san kasuwa ba daɗi. Amma ba ta kai mutum ya sayar da lahirarsa ba.”

“Baba, wallahi ba tsafi ba ne. Sojojin wasa ne nake yi wa fenti.”

Ya daɗe yana kallon furfurar gemuna. “Wasa,” ya ce. Na lura da na ce tsafin ne da ya fi sanin nasihar da zai yi mini.

Wanda ya cece ni wani tsoho ne Bamaraɗe mai wanki da guga, da ke tsaye yana jinmu. Ya ce in nuna masa. Na zaro ɗaya daga aljihu, ya juya shi, ya tsaki. “Kai, wa ya gaya maka fari da fari ake yinsa? Farar shadda in ban tsoma ta a bula ba, rawaya take komawa. Kuma dubi rigar liman can. Da me ka gane aikinta da karin gugarta? Da inuwa. Kai ka kashe inuwar duka, ka ce kana neman fari.” Maganar da yaro ya faɗa mini kyauta ranar farko ke nan, sai da na narkar da tan 100 kafin na ji ta da Hausa.

Na jiƙa biyar ɗin a Dettol kwana biyu, na goge da tsohon buroshin haƙori, na wanke da sabulu. Na lalubo kwalbar toka-tokar da na wulaƙanta, na ba ta haƙuri, na yi shimfiɗar farko da ita. Na je Main Market na sayo farin fentin ruwa na masu zane, na karya shi da ɗigon toka-toka, na tsinka shi kamar madarar mai shayin tasha. Shafa ɗaya, a jira ya bushe, a ƙara, har sau biyar ko shida, kowane shafi siriri. Cikin layukan sulke na zirara ruwan toka mai ɗan bula. Farin gaske kuwa, wanda na yi ta laɓtawa da farko, bai taɓa ko'ina ba sai gefunan da haske ke sauka, da tsinin buroshi. Bayan asuba nake aikin, kafin gari ya tada ƙura, in kife su da kwanon samirar uwargida. Sau biyu ta ɗaga tana neman ɗumame.

Abin haushi, sun yi kyau. Sun fi fari a ido fiye da lokacin da suke fari.

Ɗan Oga ya karɓi biyar yana ta ɗaukarsu hoto. Da na fito da Atlas, ya yi dariya har ya zauna a kan kwalin takalma, ya ce in riƙe, ya cire kuɗinsa a ladana. Ranar wasan ma an gayyace ni. Wanda na fi kashe wa dare, na zana masa gilashin fuska da gashi ɗaya, minti 15 da farawa wani yaron Inugu ya jefa shida da shida. A dokar wasan, 12 na nufin harbi ya samu kai. Aka kwantar da shi a gefen tebur kusa da kwalbar lemo, can ya wuni.

Atlas na nan a kusurwar gilashina, dafe da cikinsa. Ban ce wa kowa komai a kansa ba, ban kuma ƙara taɓa nzu ba. Sai dai tun daga watan nan ba a sake ɗauke mini ko batir ɗaya ba, kuma mutum huɗu da na riga na yafe a zuciya sun kawo bashina da ƙafarsu, ɗaya har da ban haƙuri, idonsa na kan gilashin. Baba mai albasa ya ce in jefar da shi a kogin Neja. Na ce masa insha Allahu zan jefar. Akwai dai wani mai jakunkuna da ya karɓi agogo biyu tun 2022, an ce ya tafi ƙauye, wata mai zuwa zai dawo.