Masu Nazarin Fim a Wanke

A Wanke ta jihar Zamfara, makarantar koyon rubutun fim ita ce bakin shagon mai caji da turi, inda ake loda wa mutum Labarina ko Izzar So a waya. Duk ɗalibin da ka tambaya zai ce maka shi ba kallo yake yi ba, nazari yake. Kowa kuwa da irin nazarinsa.

Akwai Na-Faɗa, wanda ba a taɓa shammatarsa ba. In za a ɗaura aure a fim, da safe zai ce za a fasa, da yamma ya ce za a yi. Duk wanda ya auku sai ya miƙe tsaye: "Mi na ce muku?" Ko da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya daga hannun Nafisa Abdullahi a Labarina, cewa ya yi tun a 2020 ya hango abin a idon daraktan shirin, Aminu Saira, mutumin da bai taɓa gani ba sai a hoto.

Na kusa da shi maharbin kuskure ne. Ya san an shiga ɗaki da jan ɗankwali an fito da kore. Tambaye shi me aka tattauna a ɗakin, sai ya hau sosa ƙeya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Sarkin Ƙorafi. Duk shirin da ya karɓu, daga kansa aka ɗauka. Gidan Badamasi, inda 'ya'ya suka zuba wa dukiyar tsohonsu ido tun yana da rai, ya rantse gidan kawunsa ne, har da tarin tsohon. Yadda zancen ya isa kunnen marubucin shirin, Nazir Adam Salih, a Kano ne ya ɗaure masa kai, amma yana zargin direbobin da ke kai masara Dawanau. Kwana Casa'in ma da Arewa24 ta fara a 2019, ya ce ya riga su tunanin gwamna irin Bawa Maikada. A Zamfara wa bai riga su ba?

Sai Furodusa. Yana da sunan fim, yana da waƙa, ya ba Ali Nuhu matsayin uba ba tare da saninsa ba, ya tsara zango bakwai. Shafin farko ne dai ya gagara. Da aka katse layukan waya a jihar a Satumban 2021 ya ce rashin sabis ne ya tsayar da shi. Da sabis ya dawo ya ce tsadar data ce.

Ta ƙarshe ba ta zuwa shagon, ƙaninta take aikawa da wayar. Tana kallon Daɗin Kowa da littafin makaranta a cinya, tana ƙirga fitowa nawa ke cikin kowane kashi, wa ke son me, wa ya tare masa hanya, a kan wace magana aka yanke shirin har mutum ya ƙagu mako ya zagayo. Wani lokaci takan kashe sauti ta rubuta abin da take jin za a faɗa, sannan ta kunna ta gwada da nata. Ta ji cewa Fauziyya D. Sulaiman daga littattafan Hausa ta faro kafin ta rubuta wa shirin, shi ya sa ba ta raina littafinta. Maƙwabta na cewa lissafin adashi take yi.

In masu shirya fim na Kano na neman sabon hannu daga Zamfara, ita za su nema, sai dai su fara yi wa maigidanta sallama.