Kunya Ce Ke Kiwon Tumbi

Ina cikin rundunar nan ta waɗanda suka haura arba'in, masu nishi in sun sunkuya wanke ƙafa wajen alwala. Ba mu da likitan abinci, ba mu da mai horar da mu motsa jiki. Jarinmu kawai niyya, wadda muke ƙullawa daren Juma'a mu warware ta Asabar da hantsi a wajen ɗaurin aure. In ka tambaye mu abin da ya kai mu ga haka, baki ɗaya za mu ce shekaru ne. Ni dai ban yarda ba. A ƙasar Hausa kunya ce ke kiwon tumbi, shekaru kuwa tsautsayi ne ya sa aka same su a wurin aka kama.

Bari mu fara wanke shekarun. A 2021 mujallar Science ta buga binciken Herman Pontzer na Jami'ar Duke da abokan aikinsa, wanda ya shafi mutum sama da 6,400 a ƙasashe 29, tun daga jinjiri ɗan kwana 8 har tsoho mai shekara 95. Sun gano cewa in an yi la'akari da girman jiki, yadda jikin ke ƙona abinci ba ya wani sauyawa daga shekara 20 har 60, sai bayan nan ne yake raguwa, shi ma ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara. Na yarda tsoka na zubewa in an bar ta zaune, kuma mace in al'ada ta ɗauke mata kitse kan taru a ciki. Amma abin da ya fi sauyawa shi ne matsayi. Saurayin da ke takawa daga Ƙofar Mata zuwa kasuwar Sabon Gari yau ya zama Alhaji mai mota da kujera, ko buta sai an miƙo masa. Girma ya zo da 'yan aike, tumbi ya biyo sawu.

Kunya ta farko ita ce ta ƙin abinci. Ka je gidan yayarka da niyyar gaisuwa kawai, a dire maka tuwo malmala uku, man shanu na yawo a kan miya. Ka ci ɗaya ka janye hannu, sai ka ji: "Haba Alhaji, ko girkin ne bai yi ba?" Shi ke nan, ka koma ka wanke ta daga zargi da malmala biyun da suka rage. Sai a kawo lemon kwalba. Kwalba mai santilita 50 na ɗauke da sukari wajen giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada babba ya wuce giram 25 a yini, wato ƙaramin cokali shida. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace litar irin wannan lemo a Nijeriya, amma har yau ban ji gidan da aka fasa karrama baƙo saboda haka ba. Tafiyar rabin awa da sauri kan ƙone kalori kimanin 150, kwalbar nan guda kuwa ta kai 200. Wato kafin ka ce a gai da yara, an kwashe ladan wahalarka har da bashi.

Kunya ta biyu ta fi ban tausayi. Magidanci ya ɗaura aniyar tafiya bayan sallar Asuba. Bai yi nisa ba mota ta tsaya: "Subhanallahi, Alhaji, motar ce ta lalace? Shigo in sauke ka." Ya ce motsa jiki yake yi, a yi masa murmushin da ake yi wa mai ɓoye talauci, kafin azahar labarin karayar arzikinsa ya kai majalisa. Hajiya kuwa ko ƙofar gida ba ta isa ta leƙa da kambas ba, sai dai ta yi ta zagaya tsakar gida yara na ƙirga mata. In kuma Allah ya taimaka aka rage kilo uku, kunya ta uku na jira a zaure: "Lafiya kuwa? Duk ka zube!" Uwar miji ta kalli ɗanta, ta kalli matarsa, ba ta ce komai ba, amma washegari kwanon dambun nama ya iso.

Wannan ne ya sa muke son maganin da ake sha a ɓoye. Da yawa daga shayin rage tumbi da ake talla filasko ne a cikinsu, aikinsa kuwa gudawa. Ruwa ne ke fita, kitsen na nan daram, sai dai mutum ya rasa sallar jam'i yana sintiri a banɗaki. Wasu kuma su jingina komai ga azumi. Bincike ya sha nuna cewa abin da ake ragewa a Ramadan bai fi kilo ɗaya zuwa biyu ba, yakan kuma dawo makonni kaɗan bayan Sallah. Duk wanda ya san yadda ƙosai da soyayyen dankali da kunu ke haɗuwa a faranti da magariba ba zai yi mamaki ba.

Wani zai ce ƙin abincin mutane rashin tarbiyya ne, kuma ba kowa ke da kuɗin ganin ƙwararre ba. Na farko yana da magani mai sauƙi: ci malmala ɗaya, yabi miyar da gaske, ka ce a juye sauran za ka kai wa yara. An karrama ka, ka karrama girkin. Na biyu kuma, mai hawan jini ko ciwon suga lalle ya ga likita, amma sauranmu igiya ta ishe mu awo. A 2022 hukumar lafiya ta NICE a Ingila ta ba da shawarar kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum: auna tsawonka da igiya, ninka ta biyu, ka ɗaura. In bakinta bai haɗu ba, babbar riga ce ke rufa maka asiri. Aikin da ake nema ma bai kai yadda muke tsoro ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya sa masu haɗarin ciwon suga su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin ya ragu da kashi 58. Ga mai kilo 90, kilo shida ne da ɗoriya.

Za a ce ai mutanen binciken nan suna da masu horar da su, kuma gaskiya ne. Amma rabin aikin mai horarwa shi ne ya zama wanda kake jin nauyin ka gaya masa ba ka fita ba, irin wannan kuwa ba mu rasa shi a unguwa. Tun da kunya ba za ta bar mu ba, sai mu ɗauke ta aiki. Nemi masu tumbi biyu daga sahun Asuba ku riƙa fita tare. Alhaji ɗaya a ƙasa abin tausayi ne, amma alhazai uku kwamiti ne, ba kuma wanda ke tsayar da mota ya rage wa kwamiti hanya. Ranar da barci ya danne ka, biyun nan za su yi sallama a ƙofar gidanka da ƙarfi, maƙwabta na ji, kuma wallahi sai ka fito.